Abin da Na Kasa Faɗa a Shagon Lawali

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Ɗanjuma,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan ka sauka Agiye lafiya. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a shago, ya kiyaye hannunka daga wutar da za ka riƙa taɓawa. Allah ya haɗa ka da maigida mai haƙuri. Ni ce Innarka nake faɗa, ƙanwarka Saratu tana rubutawa. In ka ga kuskure ka yi mata uzuri, ka san inda karatunta ya tsaya.

Na sa an ajiye takardar nan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don kada ka gan ta sai ka isa. Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka bar shi. Kai ne ɗan fari, ban saba zama da kai mu yi doguwar hira ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Maganar nan ta daɗe a bakina, kuma na san in ina kallon fuskarka ba za ta fito ba.

Za ka koyi gyaran kwamfuta. Hannunka ya iya, abin da ya rage maigidanka zai ƙara maka. Abin da ba na jin zai koya maka shi ne mutanen da za su riƙa shigowa da kayansu a rikice, ba su san abin da za su ce ba. Ni na taɓa zama ɗaya daga cikinsu, kuma har yau ina biyan abin da na yi.

Ka tuna kwamfutar babanka, baƙar nan da ya sayo ta hannu a Katsina lokacin yana koyarwa a lakol ɗin garinmu. Ka san akwai hotuna a ciki da takardun aikinsa. Abin da ba ka sani ba shi ne akwai muryarsa. Yakan ɗauki kansa yana karanta shifta da Faransanci, wadda zai yi wa yara washegari, sai ya saurara ya ji ko ya yi sauri. Akwai guda ɗaya da ya ɗauka da hantsi, ni ina daka a tsakar gida. Ana jin tabarya tana sauka a bayan maganarsa. Can tsakiya sai ya yi tari, ya ce, "Uwar gida, a yi wa turmin nan rangwame, yara za su rubuta lugude a cikin shifta." Sai a ji dariyata daga nesa. Ya kunna mini ita don ya tsokane ni, ya nuna mini inda take: a danna madanni, a jira, a taɓa ɗan akwati mai ruwan ɗorawa da ke gefen hagu, sannan na uku daga sama.

Bayan ya rasu, da na fita takaba, kai kana kolej a Agiye, ƙannenka suna lakol, gida ya zama shiru. Da hantsi sai in ja labule in kunna. Ban san Faransanci ba, ko kalma ɗaya. Ina zaune ne ina jiran tarin nan. In na ji, sai in rufe in koma aikina, ranar ta tafi daidai.

Kuskurena na farko shi ne ya nuna mini yadda ake kunnawa, ban taɓa tambaya yadda ake kashewa ba. Sai in danne madannin da yatsa har ta mutu. Na yi ta yin haka. In da na tambaye ka lokacin hutu, da ka nuna mini kafin ruwa ya tafasa. Amma da ka ce, "Inna, me kike kallo a ciki?" kuma ba ni da amsar da zan ba ɗana. Wata rana na kunna, sai fuskar ta yi shuɗi, rubutu ya cika ta, akwatin bai fito ba. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, ba abin da ya canza.

Saboda haka, in mutum ya ajiye maka kaya a tebur, kada ka fara da cewa, "Me ka yi mata?" Tun daga gida ya taho da tsoron tambayar nan, ya riga ya shirya ƙaryar da zai kare kansa. Ka ce masa, "Ranar ƙarshe da ta yi aiki, me kake dubawa?" Kuma in ya ce maka abin yana gefen hagu, mai ruwan ɗorawa, kada ka yi dariya. Irinmu ba mu san sunan komai a cikinta ba, wurinsa muka sani, kamar yadda na san inda gishiri yake a ɗakina ko ido rufe. Ka juyo masa da fuskar kwamfutar, ka bar shi ya nuna da yatsa.

Ranar kasuwar Gazawa na naɗe ta a zane kamar jariri, na hau mota ban gaya wa kowa ba. Ina sauka a tasha sai ga Baba Haruna, yayan mahaifinka, ya kawo albasa. Ka san tsakanina da shi. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi ƙunshin ya ce, "Me aka ɗauko haka?" Na gaya masa. Ya ce, "Ai ba kya je ke kaɗai ba, yaran nan sai su rikita ki. Mu je in raka ki." Alheri ya yi nufi, Allah ya sani. Na bi bayansa.

Shagon Lawali mai gyara ɗan ƙarami ne, kai ma ka san shi. Wayoyi rataye ko'ina, inji na ƙara a baya, ga benci a bakin ƙofa cike da maza suna shan shayi. Da suka ga Baba Haruna sai aka hau raha.

Wani ya ce, "Haruna, kai ma ka shiga zamani? Ko albasar ce za a sa wa lamba?"

Baba Haruna ya ce, "Ta marigayi ce. Lawali, in ka tashe ta, gobe jakina zan kawo maka, shi ma ya daina kunnuwa."

Lawali ya ce, "Baba, shi wannan sai dai a canza masa mai shi."

Aka yi dariya. Ni ina tsaye a gefe, na ja mayafi har goshi. Lawali ya kunna, ya duba, ya yi ta bayani rabi da Hausa rabi da Faransanci. Duk inda ya tsaya sai in ce, "To." Ban fahimci komai ba. Na ce to ne don ya yi sauri in fita daga idon mutane.

Ɗanjuma, wannan "to" ɗin za ka ji ta kullum. Tsoho zai faɗa maka, mace za ta faɗa maka, har mai babbar riga zai faɗa maka don kada yaro ya gane bai sani ba. Kada ka karɓe ta. In ka gama bayani, ka ce, "Baba, yanzu gaya mini me muka shirya zan yi." In ya kasa maimaitawa, bai ji ba, kuma laifin bayaninka ne. Ka sake, da Hausar da za ka yi wa kakarka.

Amma zan gaya maka gaskiya, abin da ya biyo baya ba rashin fahimta ba ne. Lawali ya tsaya ya ce da Hausa tsantsa, "Hanya mafi sauƙi ita ce in share komai in zuba sabo. Duk abin da ke ciki zai tafi. Akwai abin da ake so?"

Baba Haruna ya ce, "Takardun lakol ne kawai, lakol kuwa ta sami wani mushe mai koyarwa a madadinsa. Share, yara su samu ta karatu."

Lawali bai tsaya nan ba. Ya leƙo ta bayan kafaɗar Baba Haruna ya ce, "Inna, ke fa? Babu wani abu naki a ciki? In akwai, ina iya ƙoƙarin cirowa, sai dai zai ɗauki lokaci."

Na ji shi sarai. Na gane kowace kalma. Ƴan benci suka juyo, mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Yayan mijina yana tsaye kusa da ni. Ni uwar manyan yara, ban daɗe da fita takaba ba, in buɗe baki a gaban maza, a gaban yayansa, in ce muryar mijina nake so in riƙa ji? Kafin la'asar da maganar ta riga ni isa gida. Na dubi ƙasa na ce, "Babu."

Lawali ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Babu komai."

Wannan shi ne babban kuskurena, kuma da bakina na yi shi.

Ka riƙe wannan da kyau. Wanda ya rako mai kaya ba shi ne mai kaya ba, ko da shi ne babba, ko da shi ke magana. Lawali ya san haka, shi ya sa ya tambaye ni. Inda ya rasa shi ne wurin da ya yi tambayar. Mu an rene mu ne a kan kada mu nuna abin da ke zuciyarmu game da miji ko ɗan fari. Ba za ka canza wannan daga bayan tebur ba, amma kana iya kauce masa. Ka aiki mai rakiya ya duba maka wani abu, ko ka ce wa mai kaya ta dawo bayan azahar lokacin da benci ya watse. In ka ga mace ta ce babu amma hannunta bai saki zanen da ta naɗo kayan ba, akwai. Kuma mafi sauƙi duka, kada ka share komai sai ka kwashe ka ajiye, ko an ce maka babu, ko an rantse. In mutum bai dawo nema ba, ba ka yi asarar komai ba sai ɗan lokaci.

Kasuwa ta zagayo na koma na karɓa. Lawali yana murna da aikinsa. Ta kunnu nan take, ga hoton wani kogi a fuskarta, komai fes. Na yi godiya, na sa masa albarka. A mota ina ta gaya wa kaina wataƙila sharar ba ta kai can gefen hagu ba. Na isa gida na ja labule. Akwatin yana nan, mai ruwan ɗorawa kamar da. Na taɓa shi. Babu na uku daga sama, babu na farko. Na zauna ina kallonsa har Saratu ta dawo daga lakol ta tarar ban ɗora tukunya ba.

Na sake komawa, wannan karon ni kaɗai. A hanya na shirya maganata tsaf. Da na isa na tarar da benci cike, sai maganar ta gudu. Na ajiye ta na ce, "Ba ta yi daidai ba."

Lawali ya kunna ya ce, "Inna, ga ta nan tana aiki. Me ya same ta?"

Na ce, "Ba kamar da take ba."

"Nauyi take yi? Ko tana mutuwa da kanta?"

"A'a."

"To, ina ne bai yi ba? Nuna mini."

Wani a benci ya ce, "Lawali, ka mayar mata da cutar, ta fi sabawa da ita." Suka yi dariya. Lawali bai yi ba, amma na ga ya gaji. Ga mutane na jira, ga mace tsaye ta ƙi magana ta ƙi tafiya. Sai ya ce, "Na gane, kin ga babu komai a ciki ne. Bari in cika miki ita." Ya zuba karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da finafinai na yara, har ta cika, kyauta, don ya faranta mini. Daga baya, da ka fara sanin aikin, na ji kana gaya wa abokinka cewa abin da aka share yakan dawo in ba a zuba wani a kansa ba. Ina tankaɗe a lokacin. Na ajiye rariya na shiga ɗaki. Ashe ranar da na koma, mai yiwuwa muryar tana nan kwance, ina tsaye a kanta aka binne ta.

In mutum ya dawo ya ce maka bai yi daidai ba, kai kuma ka duba ka ga komai daidai, to ka janye hannunka daga kayan. Matsalar tana cikin abin da bai faɗa ba. Kada ka yi masa kyauta don ya tafi. Ka ba shi wurin zama da ruwa, ka sallami sauran, sannan ka tambaye shi a hankali, "Me ka saba gani da yanzu ba ka gani?" Da an yi mini wannan tambayar babu kowa a kusa, ina jin da na faɗa.

Saura kuskuren da ya shafe ka. Ka dawo hutu ka buɗe kwamfutar, ka tarar babu hoton babanka ko ɗaya. Ka tambaye ni, na ce na kai gyara ta dawo haka. Ban ƙara komai ba. Ka hau kabu-kabu zuwa Gazawa, ka tsaya a bakin shagon Lawali ka kira shi mugu, macuci, wanda ba ya tambaya kafin ya share kayan marayu. An ce mini bai rama ba. Ya ce maka kawai, "Je ka tambayi Inna." Ka dawo ba ka tambaye ni ba, don ba ka yarda uwarka za ta yi haka ba, ni kuma na bar ka a kan haka. Shekarun nan duka kana tsallaka hanya in ka hango shi. Ya tambaye ni, Ɗanjuma. Ya tambaya ya sake tambaya. Kuma ya rufa mini asiri a gaban ɗana, alhali yana da shaidu cike da benci.

Na san fushin nan ne ya sa ka nace sai ka koyi aikin, ka ce kai ba za ka cuci kowa ba. Na ji daɗi, amma na ga wani abu da ya tsorata ni. Ka tuna ranar da Buba makiyayi ya kawo maka salularsa a zaure, samari na zaune? Ya yi ta juya ta a hannu yana cewa, "Ba ta yi, ba ta yi." Ka ce, "Me ba ta yi?" Ya kasa faɗa. Ka ce, "Buba, in kai ba ka sani ba, ni boka ne?" Samari suka kwashe da dariya, ya mayar da ita aljihu ya tafi. Ina bayan danga ina ji. Da matarsa ta kawo nono na tambaye ta. Ta ce babban ɗansu da ya tafi da shanu arewa ne ya aiko saƙon murya, Buba ya kasa buɗewa, kuma ba zai ce a gaban yara yana marmarin jin ɗansa ba. Ranar na ga kaina a jikin Buba, na kuma ga ɗana ya zama ɗaya daga cikin ƴan benci. Lawali bai taɓa yi mini abin da ka yi wa Buba ba.

Ba na faɗa don in ɓata maka rai a ranar tafiyarka. Hannu mai kyau Allah ya ba ka. Amma wanda ya shigo shagonka a rikice ba wawa ba ne. Yawanci abin da ke cikin na'urar ya fi ƙarfin bakinsa ne.

Ina roƙonka abu biyu. In ka sami hutu, ka sauka a Gazawa kafin ka iso gida, ka je shagon Lawali. Ka ba shi haƙuri a gaban bencin da ka zage shi, ka ce masa na gaya maka. In kana jin haushina, ka zo ka ji shi a gida, na cancanta. Shi dai ka sauke masa.

Na biyun yana cikin jakar. Kusa da takardar nan za ka ga ɗan ƙulli a cikin tsohon kallabina. Salular babanka ce, ƙaramar nan mai fasasshen gilashi wadda kuka ɗauka ta ɓace a asibiti. Ba ta ɓace ba. Tana cikin kwallata ta ƙasa tun ranar. Ba ta kunnuwa. Kafin ya sayi kwamfuta, da ita yake ɗaukar shiftarsa. Ban sani ba ko akwai sauran wani abu a ciki, ko ya goge, ko zaman da ta yi ya cinye. Na kasa kai wa kowa, don na san za a yi mini tambayar nan kuma zan sake cewa babu.

Kada ka yi gaggawar buɗe ta. Ka bari sai hannunka ya nuna, sai maigidanka ya ce ka iya. In ta gagare ka, ka kai wa Lawali. In kuka duba babu komai, ka gaya mini da Hausa, kada ka zuba mini wani abu a ciki don in ji sanyi.

Yanzu ga ni na kawo maka gyara, kuma ba sai ka tambaye ni ba. Saratu ta ɗaga alƙalami tana kallon ƙasa, na ce ta rubuta yadda na faɗa. Akwai abin da nake so a ciki. Muryar babanka nake so. Ko da Faransanci ne, ko da tari ne kawai.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin wuta da sharrin baki. Allah ya ba ka kunnen da zai ji abin da mutane suka kasa faɗa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaishe da maigidanka da iyalinsa. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci.

Ni ce,
Innarka